Mashin ɗina yana mutuwa in ya yi zafi, mai gyaran kuma yayan matata ne

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Epe, aikina zagayen duba masu gadi a filayen da aka katange a yankin Ibeju-Lekki, daga Eleko zuwa Akodo da ƙauyukan ciki. Hanyoyin duk rairayi ne da ruwa, shi ya sa na sayi Yamaha DT125 na hannu. Wata huɗu ke nan yana ba ni wahala. Da safe kik ɗaya yake tashi. In na yi tafiyar kamar rabin awa sai ya ɗauke ɗif, in yi ta kik har gumi ya jiƙa ni bai tashi ba. In na zauna minti 15 ko 20 sai ya tashi kamar ba shi ba. Ranar da aka yi ruwa kuwa abin ya fi muni. Mai yi mini gyara yayan matata ne, shi ya karɓe ni lokacin da na zo Legas, kuma ba ya karɓar kuɗin aiki a hannuna. Ya sa na sayi fulogi uku da CDI biyu (ɗan akwatin da ke tara wutar fulogi ya sake ta a kan lokaci), kafireta kuwa ya wanke ta ba adadi. Na kashe sama da naira 60,000. Yanzu ya ce in kawo kuɗin CDI na uku, wai waɗancan jabu ne. Ogana ya fara cewa ƙarya nake yi, lalaci ne kawai. Ina jin nauyin in kai mashin wani wuri, kada Yaya ya ji ya ce na raina shi, magana ta shiga gida. Yaya zan yi?

Mai DT, daga Epe

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sayi CDI na uku.

Lissafa da kyau. Har da wanda ya zo da mashin, CDI uku ke nan aka ɗaura masa, kuma da kowanne mashin ya mutu bayan rabin awa, ya tashi bayan ya huce. Jabu ya cika kasuwa, wannan ba musu, amma jabu uku ba sa haɗa baki su yi ciwo iri ɗaya a lokaci ɗaya. CDI ya fi kowane kayan wuta shan zargi a gareji, don a rufe yake ruf, ba a buɗe shi a ga cikinsa, kuma canza shi aikin minti biyar ne. Duk wanda ciwon wuta ya shige wa duhu, can yake fara nuna yatsa.

Ban ga alamar Yaya yana cutarka ba. Kuɗinka mai shago ne ya ci, ba shi ba. Abin da ya hana shi kama ciwon shi ne bai taɓa ganinsa ba. Kai mashin ke mutu wa a cikin rairayin Akodo da tsakar rana. Kafin ka iso gareji ya huce, Yaya ya taka kik ya tashi, ya zaro fulogi ya ga wuta garau. Me zai gyara? Sai ya yi hasashe, kai kuma ka biya kuɗin hasashen. Ciwon da ke zuwa da zafi, da zafinsa ake kama shi, kuma a wannan lokacin kai kaɗai ne a wurin. Don haka rabin aikin nan naka ne.

Ga yadda wutar mashin ɗinka take tafiya, don ka san abin da kake nema. A gefen hagu na inji, bayan murfi, akwai kwanon magnito mai maganaɗisu a jikinsa, yana juyawa tare da inji. A ƙarƙashinsa akwai kwayil-kwayil, wato naɗaɗɗun wayoyin jan ƙarfe, kowanne da aikinsa. Ɗaya na fitila ne da cajin batir. Ɗaya shi ke haifar da wutar da ake tarawa a cikin CDI, wadda kan kai bolt 200 zuwa sama. Sai wani ɗan ƙarami da ke sanar da CDI lokacin da fistin ya kusa kai ƙololuwa, a saki wutar. Daga nan ta tafi kwayil ɗin da ke ƙarƙashin tanki, shi kuma ya ɗaga ta zuwa bolt dubbai, ta bi kakkaurar waya, ta shiga hular fulogi, ta yi tsalle a bakin fulogi. Batir ba shi da hannu a wannan tafiyar a irin mashin ɗinka, don haka duk wanda ya ce batir ne, ka gode masa ka wuce. Haka fitila: kamawarta ba ta wanke magnito, domin kwayil ɗinta daban ne.

Wayar da aka naɗe kwayil-kwayil na wutar fulogi da ita siririya ce kamar gashin kai, an shafe ta da wani fenti mai hana ta taɓa 'yar'uwarta. In mashin ya tsufa, zafi da girgiza sukan sa ta tsage a wani wuri, ko fentin ya ƙone. Da sanyi bakunan tsagar suna manne, wuta na wucewa. In inji ya ɗau zafi ƙarfe ya buɗa, sai su rabu, wuta ta ɗauke. Ya huce, su koma su haɗe. Abin da ka kwatanta ya fi kama da wannan, kuma in da za a ce in zaɓa, magnito zan fara zargi, sai kwayil na ƙarƙashin tanki. Amma zargina ma hasashe ne har sai an gwada, kuma kada ka sayi komai a kansa.

Gobe ka fita da sifanar fulogi da fulogi guda mai kyau a aljihu. Cikin ukun da ka saya da wuya a rasa mai aiki. Da ya mutu, kada ka zauna jiran ya huce, minti biyun farko su ne masu daraja.

Fara taka kik a hankali ka ji nauyinsa. In ka ji ya yi tauri fiye da yadda ka saba, ko ya ƙi sauka gaba ɗaya, to tsaya nan, ba maganar wuta ba ce. DT inji ne mai shan fetur gauraye da mai, kuma in man bai isa ba, ko iska na shiga ta inda bai kamata ba, fistin yakan yi zafi ya kumbura ya kama jikin silinda. Shi ma in ya huce sai ya saki, mashin ya tashi, mutum ya ɗauka wuta ce. Wannan ya fi kowane ciwo a nan tsada, don kowace kamawa tana kankare silinda, kuma in ta faru kana gudu tayar baya tana iya ƙamewa. In haka ka ji, a duba famfon mai da tiyonsa kafin ka sake hawa.

In kik yana sauka yadda ya saba, cire hular fulogi, ka cusa fulogin aljihunka a ciki, ka kwantar da ƙarfensa a jikin kan inji, ka taka kik da ƙarfi. Ranar Legas tana ɓoye tartsatsi, don haka ka kare wurin da inuwar jikinka ko rigarka. Kada ka riƙe fulogin da hannu, zai girgiza ka har kafaɗa, kada kuma ka yi gwajin kusa da inda fetur ke ɗiga. Kar ka taka kik hula na lilo ba fulogi a ciki, wutar da ba ta sami hanyar fita ba tana iya lalata kwayil ko CDI ɗin. Abin da kake son gani wuta ce shuɗiya mai haske, mai ƙara tas-tas. In ja-ja ce mai rauni, ko tana zuwa tana ɗaukewa, ko babu ita sam, ka kama ɓarawonka. Ka tuna tsalle a sarari ya fi sauƙi a kan tsalle a cikin silinda inda iska take a matse, shi ya sa littattafan gyaran Yamaha ke neman wutar ta iya tsallake tazarar milimita 6 a waje, alhali bakin fulogi bai wuce kusan milimita 0.7 ba. Wuta mai rauni takan nuna kanta a waje ta kasa aiki a ciki.

Ka jingina wayarka ka ɗauki bidiyon gwajin. Bayan minti 20 ka sake, ka sake ɗauka. Bidiyo biyu, ɗaya ba wuta, ɗaya da wuta, fulogi ɗaya, wuri ɗaya. Zan dawo kan amfaninsu.

In kuwa ka ga wuta garau alhali mashin ya ƙi tashi, kai kunnenka kusa da tanki ka buɗe murfin. In ka ji ya zuƙi iska, ɗan ramin shan iskar murfin ne ya toshe da ƙura, fetur ya kasa sauka. Mutane sun sha sayen kayan wuta saboda ramin da allura za ta buɗe. Yadda mashin ke mutuwa ma yana faɗa: na fetur yakan fara shaƙewa, yana fizga, ka ba shi totur ya ƙi amsawa, sannan ya mutu. Na wuta kamar an murɗa makulli yake ɗaukewa. Kai ka ce ɗif, shi ya sa na fi karkata ga wuta.

Sai maganar ruwa. Ina jin ciwo biyu ne a mashin ɗinka, na zafi da na damshi, kuma na biyun ya fi arha. Makulli da ɗan maɓallin kashe inji da ke kan kambu, duka biyun hanya ɗaya suke kashe mashin: su haɗa wata waya daga CDI da ƙarfen jikin mashin, wutar ta zube. A Yamaha wannan wayar baƙa ce mai ratsin fari, mai ruwan lemo ita ke zuwa kwayil, baƙa zalla kuma ita ke manne da jikin ƙarfe, in dai wani mai gyara bai riga ya yi wa wayarin ɗin ɗinki da abin da ya samu ba. Ruwa ko tsatsa a cikin maɓallin yakan yi aikin da yatsanka ke yi. Zare baƙa mai ratsin farin daga mahaɗarta ka sake gwada wuta. In ta dawo, maɓalli ne ko makulli, gyaran bai kai kuɗin fulogi biyu ba. Sai dai ka sani muddin tana zare makulli ba zai kashe inji ba, sai ka sa giya, ka taka birki, ka saki kuloci.

Inda kake aiki yana ƙara wa abin nauyi. Iskar bakin teku gishiri gare ta, daminar Legas kuma doguwa ce, daga Afrilu har wajen Oktoba, da ɗan sarari a Agusta. Ɗaga sit da tanki ka zare mahaɗan wayoyi ɗaya bayan ɗaya, za ka ga wasu sun yi kore shar, wasu sun yi fari kamar an barbaɗa musu gari. A goge su, a matse bakinsu, a shafa musu giris na silikon. Duk inda aka murɗa waya biyu aka naɗe da salatif, a kwance a yi masa dalma. Inda kwayil ke ɗaure da firam a kwance notin a goge da samfefa sai ƙarfe ya fito fari, don ta nan wutar ke komawa. Hular fulogi murɗa ta ake yi a bakin waya, kuma bakin yakan ruɓe. Warware ta, ka yanke kamar santimita ɗaya, ka mayar. In robarta ta tsage a sake ta. Da daddare ka ta da mashin a wuri mai duhu, ka fesa wa kakkaurar wayar ruwa kaɗan: in tana yoyon wuta da idonka za ka ga tartsatsi na tsalle zuwa jikin inji. Kuma ka hana yaran wankin mota saita bakin tiyon feshi a kan makulli da murfin magnito.

Yanzu maganar Yaya, wadda na san ita ta fi damunka.

Kada ka saci jiki ka kai mashin wani gareji. Kanikawan yanki ɗaya sun san juna, kuma DT ba Boxer ba ne da zai ɓace cikin dubu, kafin la'asar labari ya kai masa. Abin da zai yi masa zafi ba zuwan ba ne, jin da zai yi a bakin wani ne. Kada kuma ka sa matarka a tsakani. Da ta buɗe baki, zance ya tashi daga kwayil ya koma wa ya yi wa wa alheri, ita kuma ta rasa inda za ta tsaya.

Ka je da kanka lokacin da gareji ba cunkoso, ba a gaban yaransa ba. Ka gaishe shi yadda ka saba, ka miƙa masa wayar. Ka ce, “Yaya, kullum in na kawo shi sai ya ƙi nuna halinsa a gabanka, shi ne na ɗauko maka shi a inda yake yi. Duba, da zafi babu wuta, da ya huce ta dawo.” Ka yi shiru ya kalla. Bakaniken da ya daɗe yana taɓa inji, in ya ga wannan, da bakinsa zai ambaci magnito. Daga nan ka ce, “Wa ka yarda da shi cikin masu wayarin, wanda ke da mita, ya auna mana kafin mu sake sayen wani abu?” Shi ya zaɓi mutumin, shi ya kira shi ko ya raka ka. Bakanike ya tura aikin wuta wurin mai wayarin ba abin kunya ba ne, kullum ana yi.

In ya dage a kan CDI na uku, ka ce masa kuɗi sun yi ƙasa, a ari na wani mashin mai lafiya a gwada tukuna. Ba ƙarya ka yi ba, kuma gwajin aro ba ya cin ko sisi.

Shawarar da ba za ka so ba: ka fara biyan Yaya kuɗin aiki. Aikin kyauta shi ya ɗaure maka baki wata huɗu, shi ma ya sa yake taɓa mashin ɗinka a gurguje tsakanin ayyukan masu biya, don shi ma da iyali. In ya ƙi karɓa a hannu, ka ba yaran gareji, ko ka sauke masa wani abu a gida. Naira 60,000 da ta tafi kuwa kada ka tayar da zancenta, ko da wasa.

A wurin mai wayarin ga abin da za ka tsaya a yi. A auna kowane kwayil da mita mashin na sanyi, a rubuta lambobin a takarda. A zaga da shi har ya mutu, a sake aunawa nan take. Wayar jan ƙarfe tana ƙara turjiya kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya na zafi, don haka in lambar ta hau da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, lafiya ce. Wanda lambarsa ta ɓace mita ta nuna hanya a yanke, ko ta faɗi warwas, shi ne mai laifi. Hular fulogi ma a auna ta, masu kyau sukan nuna turjiyar om 5,000 ko 10,000 a mita gwargwadon irinsu. Mitar nan ba ta da tsada a kasuwar Alaba, in Yaya ba shi da ita, ga kyautar da ta dace da shi bayan an gama.

In aka zo buɗe magnito, ka sa ido. Akwai ƙarfen zaro shi, fula, mai zare na hagu. Duk wanda ya ɗauko guduma da kurfi ka riƙe hannunsa, bugu yana fasa maganaɗisu ya kuma lanƙwasa bakin sandar inji. Kafin a kwance farantin da kwayil ke kai, a karce alama a jikinsa da jikin inji, don a kan wannan zaman lokacin wuta yake, in ya goce mashin zai riƙa mayar da kik ko ya yi zafi fiye da kima. Ɗakin magniton DT a bushe ya kamata ya kasance. Tsatsa ko laka na nufin ruwa na shiga ta gasket ko ta robar da wayoyi ke fitowa. Maiƙo na nufin oyil sil, robar da ke toshe kewayen sandar inji, ya mutu, kuma shi ne ƙofar iskar da ke jawo kamawar fistin. A girgiza kwanon sama da ƙasa: in yana motsi boris ɗin da sandar inji ke juyawa a kai ya tafi, kwanon zai riƙa gugar kwayil, ka sa sabo ya cinye shi. A duba ɗan ƙaramin ki mai siffar rabin wata da ke riƙe kwanon a mazauninsa, kada ya zama ya fara yankewa.

Wajen sayen kwayil, ni na fi son orijina na hannu da aka auna a gabana a kan sabo mai kyan kwali da ba a san asalinsa ba. Sake naɗa wa tsohon waya kuma sai in an rasa, don masu naɗin fanka da injin ruwa ba kasafai suke dacewa da adadin zagayen wannan siririyar waya ba. Ka tafi da tsohon a leda a gwada su gefe da gefe, ka kuma yi sharaɗin canji kafin ka biya. Wajen Oyingbo da Ebute Metta akwai masu kayan babur, haka kasuwar Trade Fair a hanyar Badagry. Amma a mota za ka je, ka bar mashin a Epe. Tun 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana acaɓa a Eti-Osa, Ikeja, Surulere, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumba ta ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Kai ba ɗan acaɓa ba ne, amma daga Ajah zuwa ciki bayanin hakan a bakin titi zai ci maka yini, wataƙila har da mashin.

Oganka ka nuna masa bidiyon nan biyu, ka gaya masa ranar da za a buɗe injin, ka nemi kwana biyu ko uku da za ka yi zagaye a mashin ɗin haya. Wanda ya ga hujja da rana tsayayya ya fi sauƙin haƙuri a kan wanda kullum ake ce wa mashin ne ya lalace.

CDI biyun da ka saya kada ka yar, da alama lafiyarsu ƙalau. Ɗaya ka naɗe a leda ka ajiye ƙarƙashin sit tare da fulogi da sifana, ɗayan ka bar wa Yaya a gareji ya riƙa gwaji da shi. In an auna aka ga gyaran ya haɗa da boris da sil da silinda har kuɗin ya fi ƙarfinka, kuma ka ga gara ka sayar ka koma mai cin fetur kaɗan, to ka gaya wa mai saye cewa yana ɗaukewa in ya yi zafi, ka rage masa kuɗin gyaran.